Feda da ƙarafan ganga: kurakuran da na gaji da gani

Duk yaron da ya fara kiɗan gangunan bature, idonsa na kan launin ganguna da ƙyallin simbal, wato faifan tagullar da ake kaɗawa. Fedar babbar ganga da ƙarafan da ke riƙe da kayan kuwa, sai ɗan canjin da ya rage a aljihu. Bayan wata biyu a zo ana yi mini ƙorafi, wai ganga ba ta da sauti, wai ƙafa ta ƙi gudu. Bakina ya gaji da maimaita magana ɗaya a coci da situdiyo da wajen biki.

Babbar cutar ita ce feda mai tagwaye, wadda ake dukan babbar ganga ɗaya da ƙafa biyu da ita. Yaro ya kalli masu kiɗan metal (wani nau'in kiɗan rock mai ƙarfi) a YouTube suna ruwan duka da ƙafa biyu, sai ya kwashi kuɗin da za su saya masa feda guda mai kyau ya zuba a tagwaye na arha. To arha ba ta ado. Fedar hagu tana aika ƙarfinta ne ta wata sanda mai gaɓoɓi biyu, kuma a ta arha gaɓoɓin nan ne ke fara sakewa. Ka taka, sandar ta ɗan yi wasa tukuna kafin gudumar da ke dukan fatar ganga ta motsa, hagu ta riƙa zuwa a makare. Ga sandar hai-hat (simbal biyun da ake buɗewa da rufewa da ƙafa) mai ƙafa uku ta tokare wurin, sai ka sake neman mai ƙafa biyu ko wadda ƙafafunta ke juyawa. Duk wannan wahala don me? Hailaif, afrobit, rege da waƙoƙin yabo da muke bugawa, feda guda ta ishe su. Tony Allen, mai gangar Fela, da yadda yake sarrafa hai-hat ya yi suna, ita kuwa ƙafar hagu ce ke wannan aiki, ƙafar da kai kake son ɗaukewa. John Bonham, mai gangar ƙungiyar Led Zeppelin, ma da fedar Ludwig Speed King guda ɗaya ya yi abin da har yau ake kwaikwayo, fedar da aka sani da ƙugi in ana taka ta.

Tun da William Ludwig ya fito da fedarsa a Chicago a 1909, aikin bai canja ba: allon takawa, abin da ke jan guduma, da sifirin mai dawo da ita. Abin jan ne ya kasu uku, sarƙa, bel, ko ƙarfe kai tsaye irin na kamfanonin Axis da Trick. Sannan akwai ɗan gangaren da sarƙar ke naɗewa a kai. In zagayayye ne, guduma na bin ƙafarka daidai wa daida. In mai doro ne, tana ƙara wuta dab da ta sami fata. Shi ne bambancin Rolling Glide da Power Glide a fedar Iron Cobra ta kamfanin Tama, Eliminator ta kamfanin Pearl kuma ana cire nata a sauya. Ni dai sarƙa biyu nake so, da farantin ƙarfe a ƙasa don kada fedar ta yi ta lilo. Wasu za su ce ta yi nauyi. Su suka sani. Fedar DW 5000 ta hannu mai lafiya ta fi mini sabuwa dal marar suna, muddin na kama allon na girgiza shi gefe da gefe na ji bai yi kwaram-kwaram ba.

Sai masu ɗaure sifirin tamau, wai don gudu. Wa ya gaya muku? Abin da za ka samu shi ne ciwon ƙwauri kafin a kai rabin shiri, ka koma kokawa da feda maimakon kiɗa. Sassauta shi tsaka-tsaki, ka bar guduma ta kwanta baya kamar digiri 45, ka ja ta da hannu ka saki. In ta yi ta kai da komo kafin ta tsaya, boris ɗinta lafiya lau. In ta tsaya cak, ƙura ce ko tsatsa. Tsawonta kuma ka daidaita ta sauka a tsakiyar fata ko sama kaɗan. A ganga mai inci 22 wannan ba wuya, amma mai inci 18 sai an ɗan ɗaga gangar. Ka kulle notin sifirin, kuma ka ajiye wani sifirin a jakar sandunanka, don ba ya sallama kafin ya tsinke.

Yanzu ga wanda ke tafasa mini zuciya. A saman sandar simbal akwai ɗan bututun roba da ke rufe zaren ƙarfen, da matashi biyu masu laushi, ɗaya ƙasa ɗaya sama. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, amma su ake fara zubarwa. An taɓa aron simbal ɗina na kirash, wanda ake bugawa da ƙarfi don jaddada kiɗa, don wani taron kwana uku. Sandar da suka ɗora shi ba roba, tsirarar ƙarfe mai zare, sannan wani gwani ya murɗe notin sama har simbal ya kasa numfashi. Da aka dawo mini da shi, ramin tsakiya ya tashi daga zagaye ya koma kamar ramin makulli, ga wata siririyar tsaga ta fara tafiya daga bakinsa. Na sa farce na ji ta. Aka ce mini, "Ai ɗan kaɗan ne, Oga, za mu kai wa mai walda." Mai walda! Tagullar simbal in ta sha wuta sautinta ya tafi ke nan, tsagar kuma ba ta fasa tafiya. Na fi shekara ina tara kuɗin wani. Tun daga nan ba na ɗora simbal a sandar kowa sai na cire noti na leƙa. In ba roba, ina da guntayen tiyon man babur da na yanka a jaka, suna zama daidai a zaren milimita 8 da yawancin sanduna ke da shi yanzu. Notin sama kuma a bar shi sako-sako, simbal ya samu damar rausaya. Wanda bai iya wannan ba, don Allah ya kaɗa nasa.

Kada ka sayi hannun da ke riƙe ƙananan ganguna da ka. Kaurin na Tama milimita 10.5 ne, na DW 12.7, na Yamaha mai kusurwa shida, na Pearl kuwa bututu ne mai kauri. Ɗauki gangar ka je da ita shago.

Kujerar roba ta biki ba kujerar mai ganga ba ce. Nemi wadda ake ɗagawa, ka zauna cinyarka ta ɗan gangaro ƙasa, in ba haka ba bayanka ne zai biya.

Filaya ba ta da aiki a kan noti mai fiffike. Da yatsu aka yi shi a ɗaure, kana matsa masa zaren zai cinye.

Sanduna masu ƙafa ninki biyu suna da kyau in kayan a wuri ɗaya suke zaune. In kullum kana loda su a Keke Napep, masu ƙafa ninki ɗaya sun isa, sai dai ta babban simbal mai dogon hannu.

Babbar ganga tana gudu gaba kana bin ta da kujera? Shimfiɗa kafet, ka fito da tsinin ƙafafunta, ka daina jingina mata bulo. Ka kuma liƙa faci a inda guduma ke sauka, musamman in kanta na roba ne ko katako.

Da hunturu kada ka yi wa sarƙa wanka da baƙin mai, ƙura ce za ta taru ta zama laka. Ni tsohon buroshin haƙori nake sawa in share, in ɗiga man keken ɗinki kaɗan a sarƙa da maƙalar dunduniya, in goge ragowar da tsumma, sannan in mayar da fedar jakarta.