Ka zame da babur? Kurakuran da na gaji da gani

Sati ba ya ƙarewa ban ga yaro ya zame da babur a kan yashin da damina ke tarawa bakin kwalta ba. Ya miƙe zumbur yana kakkaɓe riga, ana ce masa sannu yana cewa ba komai. Kunya ce ta tashe shi, ba lafiya ba. Kafin mutane su watse har ya fara buga kik.

Kada ka tayar da injin nan take. Babur ɗin da ya kwanta, fetur ya cika kafireto, wani lokaci baƙin mai ya gangara inda bai kamata ba. Kashe makulli, miƙar da shi, ba shi 'yan mintuna, ka duba ko wani abu na ɗiga. Kai ma ka samu dakali ka zauna.

Yanzu ga wanda ya ci ni. Na faɗi da Boxer ɗina wajen Ƙofar Marusa a Katsina, akuya ce ta gitta, na dafa ƙasa da hannun dama. A ranar na kai babur wurin bakanike, hannun kuwa na ce targaɗe ne. Aka ja, aka shafa man zafi, aka ɗaure da tsumma. Sati uku ina murza totur ina cije leɓe. Da na je asibiti aka ɗauki hoto, ashe wani ɗan ƙaramin ƙashi ne a gindin babban yatsa ya tsage. Likitan ya kalle ni ya ce, "Malam, babur ka fara kai wa magani ko?" Ƙashin nan jini ba ya isarsa sosai, shi ya sa yake wuyar haɗewa in aka yi sake, kuma sau da yawa hoton farko ba ya nuna tsagewar, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. Wata biyu na yi da filasta, babur na jingine a zaure, cefane sai da rance. Ban raina masu ɗori ba, a gidanmu ma akwai wanda ya gada. Amma ni dai yanzu hoto tukuna. Duk ciwon da ka danna gindin babban yatsa ka ji shi har ƙwaƙwalwa, ka daina kiransa targaɗe.

Sai masu zuba man birki a kan ƙujewa. Haba jama'a! Wa ya koya muku? Abin da ke cin fentin tanki shi za ka zuba a naman jikinka? Wasu fetur, wasu toka. Ruwa mai tsabta da sabulu, a wanke har yashin ya fita, ko da za ka yi ihu, sannan a rufe da bandeji. In ka haura shekara 5 rabonka da allurar tetanus, ko ba ka ma tuna ba, je a yi maka. Ƙunar salansa kuma ruwan sanyi ake kwarara mata na kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da ƙwai.

In kai ya bugu, ko ba jini, kada a bar ka kai kaɗai kwana ɗaya zuwa biyu. Amai, yawan barci, ciwon kai mai ƙaruwa ko shirme a magana: asibiti kai tsaye, ba kemis ba.

Na biyu da ya kusa kai ni lahira shi ne gyaran "matse taya da gwiwa". Kun san shi: kan babur ya karkace, wani ya saka tayar gaba tsakanin ƙafafunsa, ya fizgi kan, ya ce ya miƙe. Haka na yarda aka yi mini. Bayan kwana biyu ina kan hanyar Mashi zan je Daura biki, da na ɗan taka sai gaban ya fara rawa kamar mazari, saura ƙiris in shiga gona. Ashe ƙarfen shokoban gaba ne ya lanƙwashe. In murɗewa kawai ya yi a mazauninsa, sassauta notuna ake yi a daidaita a ɗaure. In lanƙwasa ce, ni canzawa nake yi, duk da na san bakanikai da yawa za su ce maka, "Oga, bari a buga shi." Ka sa a ɗaga gaban a juya taya a gabanka, ka ga ko rim na lilo, ka duba ko mai na tsatsafowa a jikin shokoba.

Hannun birki da ya tanƙware, kada a gasa a miƙe, karyewa yake yi ranar da ka fi buƙatarsa, kuma sabo ba tsada. Hular kwanon da ta daki kwalta ta gama aikinta ko ba ka ga tsaga ba. Madubi da fitilar sigina da kwalliyar tanki, waɗanda samari ke fara saye, su ne na ƙarshe a lissafina. Tankina har yau da loɓawarsa nake yawo.