Kurakuran da mawaƙi ke yi idan zai haɗa kundi mai jigo ɗaya shi kaɗai

Kuskuren da ya fi cin kuɗi da lokaci tun kafin a kunna makirfo ake yin sa: mawaƙi ya fara ɗaukar murya alhali bai gama tsara labarin da kundin zai bayar ba. Waƙa uku sun yi daɗi, sai ya ce sauran za su zo a hanya. Can a waƙa ta bakwai zai tarar jigon ya kuɓuce masa. Maganinsa takarda da biro. Rubuta layi ɗaya a kan kowace waƙa: wa ke magana, me ya faru, me ya sauya daga ta baya. Sannan ka rera su duka a waya ba kiɗa, ka saurara a jere. Duk wadda ba ta ciyar da labarin gaba ba, cire ta, ko da ita ka fi so. Ka fitar da ita daban daga baya, ba ta ɓata ba.

Sai rashin daidaiton sauti, wanda a ganina shi ke fara tona asirin mai aiki shi kaɗai. Kundi kan ɗauki watanni. Yau ka tsaya dab da makirfo, wata mai zuwa ka ja baya, wata rana a falo, wata rana a ɗaki. Mai sauraro zai ji kamar mutum uku ne suka rera. Yi wa ƙasa alama inda kake tsayawa, ɗauki hoton saitin na'urarka, ka buɗe kowace waƙa daga tsari ɗaya da ka adana, ko wace manhajar haɗa sauti kake amfani da ita, FL Studio ko Cubase ko Reaper. A saitin ingancin sauti zaɓi 24-bit da 44.1 ko 48 kHz, ka zauna a kai har ƙarshe. Kada ƙarfin murya ya wuce wajen -6 dB a ma'aunin manhajar lokacin ɗauka, domin muryar da ta fashe ba ta gyaruwa. Kashe fanka, jira janareta ya yi shiru. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya hana amsa-kuwwa yadda ake zato. Bargo mai kauri da katifa sun fi shi aiki.

Auto-Tune kuwa, manhajar da ke gyara karin murya, idan ka lafta shi iri ɗaya ko'ina, uwa mai kuka da ɗa mai fariya duk murya ɗaya za su fito da ita.

Da yawa kan gama haɗa sautin kowace waƙa ita kaɗai, su tura, sai ranar fitarwa su ji wata ta yi tsawa wata ta yi raɗa. Jera su duka a fayil ɗaya ka daidaita ƙarfinsu da kunne, ka yanke tsawon shirun da ke tsakani, domin shirun ma cikin labarin yake. Ba sai ka matse sauti don ya yi ƙara ba: Spotify na daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarfin sauti), wanda ya fi ƙara a rage shi. Fitar da WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Idan za ka tura ta WhatsApp, tura a matsayin takarda (Document), kada a matse ta. Ka tuna kuma Spotify ba ya ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, saboda haka ɗan gajeren zancen da ke haɗa waƙa da waƙa gara ka manna shi a wutsiyar wadda ta gabata. Kuma mutane da yawa waƙa ɗaya za su tsinta a Audiomack ko Boomplay, dole kowace ta iya tsayuwa da ƙafarta.

Abu uku da ake rainawa. Ajiye kwafin aikinka a wuri biyu, ɗaya a wajen kwamfutar. Kuma duk wanda ya buga maka kalangu ko gurmi, ko ya sayar maka da kiɗa, ku rubuta yarjejeniya tun ranar, ko da amininka ne. Idan za ka bi ta DistroKid ko TuneCore, masu rarraba waƙoƙi zuwa su Spotify, ɗora kundin da makonni kafin ranar fitarwa, domin Spotify na son a gabatar wa editocinsa waƙa aƙalla kwana 7 kafin ta fito.