Yadda Ake Gwada Shamfu, Kwandishana da Man Gashi a Zafin Legas

Man gashin da ya karɓe ka a Kano ko Sakkwato ba lalle ne ya karɓe ka a Legas ba. Can iska busasshiya ce, kai na shanye mai, balle da hunturu. Nan kuwa laima ce a iska kusan duk shekara, gumi ba ya saurin bushewa, ga hula a ka tun asuba. Wanda ya sauka Agege ko Idi-Araba ya ci gaba da lafta basilin yadda ya saba a gida, ba a daɗewa sai ya ga ƙananan ƙuraje sun jeru a goshi, daidai inda bakin hula ke zama. Sai ya ce ruwan Legas ne bai karɓe shi ba. Wani lokaci ruwan ne, amma galibi man ne ya yi yawa.

Abu ɗaya ake gwadawa a lokaci guda. Mutum ya shiga kasuwar Balogun ko ta Trade Fair ya kwaso shamfu da kwandishana (abin laushin gashi da ake shafawa bayan shamfu a ɗauraye) da mai, ya fara amfani da su duka rana ɗaya, in ƙaiƙayi ya taso wa zai kama da laifi? Fara da shamfu kaɗai, ka ba shi sati biyu. In lafiya lau, ka ƙara kwandishana, wani sati biyun, sannan mai ya zo a ƙarshe. Kuma ƙaramar kwalba za ka saya, ko na leda in akwai.

Kafin ka biya kuɗi, juya kwalbar. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ka ga an liƙa wata 'yar takarda a kan kwanan watan, ko rubutun na gogewa da ɗan yatsa, ajiye. Wanda aka baza a rana bakin titi shi ma ka wuce shi, domin zafi na raba mai da ruwan da ke ciki. A wasu kwalaben akwai hoton ɗan gwangwani buɗaɗɗe da aka rubuta 12M, wato wata goma sha biyu daga ranar da ka buɗe. Jerin sinadaran kuma ba a banza aka jera shi ba: abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Kwalbar da ta cika baki da man kaɗanya a gaba, amma sunansa na can ƙarshen jeri, ɗigo kawai aka sa.

Da ka koma gida, shafa ɗan kaɗan a bayan kunne ko a cikin gwiwar hannu. In shamfu ne ka wanke bayan minti biyar, in mai ne ka bar shi. Jira awa 48. Ja, kumburi ko zafi, to ba naka ba ne. Mai rina furfura da baƙin rini ya fi kowa bukatar wannan gwajin, saboda sinadarin PPD da ke cikin yawancinsu yana iya kumbura fuska har ido ya rufe.

Yawancinmu da sabulun wanka muke wanke kai, wasu da sabulun salo. A ma'aunin tsami da ake kira pH, fatar kai na wajen 5.5, sabulun sanda kuwa yana kai 9 zuwa 10. Shi ya sa bayan wanka gashi ke yin tauri kamar soso, mataji na tsinka shi. Shamfu an haɗa shi ne kusa da ma'aunin fata. Amma shi ma kala-kala ne. Wanda ka ga an rubuta sodium lauryl sulfate yana kumfa sosai, yana kuma kwashe maiƙo tas, ya dace da mai aiki cikin ƙura da hayaƙi, irin masu sauke kaya a kasuwar Mile 12 ko masu tuƙa keke. Mai busasshen kai ya nemi mara wannan sinadarin na sulfet, ko ya riƙa amfani da mai ƙarfin sau ɗaya a sati biyu.

Jiƙa kai sosai da ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba. Rabin ƙaramin cokali ya ishi gajeren gashi, cokali guda ga mai suma. Murza a tafin hannu tukuna, sannan ka cuɗa fatar kai da tsokar yatsu kamar minti ɗaya. Ban da farce: daɗin susa na ɗan lokaci ne, raunin da yake bari shi ke zama ƙurji. Ɗauraya ta fi cuɗa ɗaukar lokaci, kuma a nan aka fi yin ha'inci, musamman inda ake sayen ruwa da jarka. Ragowar kumfa a ƙeya da bayan kunne, idan ta bushe, sai ta yi fari-fari a ɗauka amosani ne. Sau biyu a sati ya isa. Sauran ranakun a watsa ruwa kawai a kore gumi.

Maganar ruwa gaskiya ce a wasu unguwanni. Rijiyar burtsatsen da ke barin jan tsatsa a gindin bokiti, ko ruwa mai ɗanɗanon gishiri a wuraren da ke kusa da teku, yana hana kumfa tashi, yana bar wa gashi kaushi. Kada ka yanke wa shamfu hukunci da irin wannan ruwan. Yi ɗauraya ta ƙarshe da fiya wata leda biyu, lita ɗaya ke nan, ka ga ko akwai bambanci.

In amosanin kai ne na gaske, mai zubo ɓawo a kafaɗar riga, shamfun ƙamshi ba zai yi komai ba. A kantin magani za ka nemi mai ketoconazole kashi 2 cikin ɗari, ko mai selenium sulfide, ko zinc pyrithione. Sirrinsa jira ne: a bar kumfar a ka minti uku zuwa biyar kafin a ɗauraye, sau biyu a sati har sati biyu zuwa huɗu, daga nan sau ɗaya a sati ko sati biyu don kada ya dawo. Masu cewa sun gwada bai yi ba, ka tambaye su, shafawa suke su wanke nan take. Sannan ƙwayar cutar da ke haddasa amosanin, maiƙo take ci, don haka mulke kai da man zaitun don ɓawon ya kwanta ciyar da ita ne. Makero kuwa, wanda ke cinye gashi da'ira-da'ira, shamfu kaɗai ba ya kashe shi, sai da maganin sha daga likita.

Kwandishana ba ta kowa ba ce. Mai askin ƙwal-kwabo ya riƙe kuɗinsa. Mai tara suma da mai gemu su ne za su ga amfaninta. A matse ruwan gashi, a shafa a jikin gashin ba a fatar kai ba, a taje da mataji mai manyan haƙora tun tana jiki, minti biyu ko uku a ɗauraye. Wasu na ganin cetyl alcohol ko stearyl alcohol a jeri su ajiye kwalbar, suna zaton giya ce. Wani abu ne mai kama da kaki, ba ya bugarwa, shi ke sa gashi laushi. Wanda za a lura da shi shi ne dimethicone, yana sa santsi amma yana taruwa a hankali. In gashi ya fara nauyi yana danƙo, wanki ɗaya da shamfu mai ƙarfi zai sauke shi.

Man gashi mai kauri, wanda masu aski ke kira fomed, iri biyu ne, kalmar farko a jerin sinadarai ce za ta gaya maka. In petrolatum ne ko mineral oil, sau da yawa haɗe da kakin zuma ko lanolin na ulun tumaki, to mai maiƙo ne, irin su Murray's da Dax. Yana kwantar da gashi, yana sheƙi, shi masu neman gashi ya yi layi-layi kamar igiyar ruwa suke so, amma ruwa ba ya fitar da shi. In aqua ko water ne a farko, na ruwa ne. Riƙonsa bai kai na wancan ba, gumi na sassauta shi, sai dai wanka ɗaya ya tafi. Ga mai yini da hula a Legas, na ruwan muke ba da shawara, ko ɗan man kaɗanya zalla. Mai maiƙon a bar shi sai iskar hunturu ta leƙo a Disamba da Janairu.

Kamar ƙwayar gyaɗa za ka lakato, ba fiye ba. Murza shi a tafin hannu har ya narke ka daina ganinsa. Gashi na da ɗan danshi za ka shafa, ka fara daga tsakiyar kai, ka bi da buroshi ta inda gashin ke kwanciya, ka bar faɗin yatsa ɗaya tsakanin man da goshi. Bayan awa ɗaya ka danna farin hankici a ka. In ya fito da tabo mai sheƙi, ka rage rabi gobe. Juya hularka ma ka duba: bakin ciki da ya yi baƙi ya daskare, shi ke mayar da tsohon mai da gumi kan goshi kullum, ko ka canza mai ƙurajen ba za su tafi ba sai an wanke ta. Haka rigar filo.

Fitar da mai maiƙo yana da dabara. Kada ka fara da ruwa. Cuɗa kwandishana a busasshen gashi, ka bari minti biyar ta sassauta shi, sannan ruwan ɗumi da shamfu, sau biyu in ya kama. Garin sabulun wanki da wasu ke sawa yana fitar da shi, amma yana ƙona fata. Mai wankan wajibi ma ya tuna ana son ruwa ya kai tushen gashi, kada ya bari mai ya yi kauri a ka har ya daskare.

Duk wanda ya ce maka mansa na tsirar da gashi cikin sati ɗaya, ka tuna gashi kamar santimita ɗaya yake ƙaruwa a wata, kuma sanƙon gado fomed ba ya taɓa shi.

Ranar aski, in mai askin ya ɗauko gwangwanin da kowa ke tsoma wa yatsa, ce masa, "Maigida, bar shi haka, ina da nawa." Fatar da kilifa ta gama bi tana da ƙananan raunuka, ka ba ta kwana ɗaya kafin mai ya hau. Ka kuma hana a kankare ƙeya da reza. Ƙurajen ƙeya masu tauri da ke haɗewa su zama tudu ba abin da man gashi zai warkar ba ne, kuma inda suka yi tabo gashi ba ya sake fitowa. Da ka ji su sun fara, daina sa komai a wurin ka nemi likitan fata. Asibitocin koyarwa irin LUTH da ke Idi-Araba da LASUTH da ke Ikeja suna da su. Ka tafi da kwalaben da kake amfani da su, don ya karanta abin da ke ciki.