Babi na 9: Hannun da Ba Ya Rawa Sai An Sa Shi Aiki

A ajinmu na yamma akwai wani dattijo, tsohon maɗinkin hannu daga cikin birnin Zariya. Ya yi rayuwarsa yana zuba aska biyu da aska takwas a gaban babbar riga. Yanzu zare ya ƙi shiga kafar allura. In ya ɗebo koko a ludayi, kafin ya kai baki rabi ya ƙare a gaban rigarsa. Amma da ya ajiye hannuwan a cinya, sai su kwanta luf, kamar ba su ba.

Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce sammun abokan sana'a. Likitoci kuwa sun san ciwon, suna kiransa esenshal tiremo. Yana kama kusan mutum 1 cikin 100, a cikin waɗanda suka haura shekara 65 kuwa, 4 ko 5 cikin 100. Matashi ma yakan samu.

Yadda yake

Hannu biyu yake kamawa, ko da ɗaya ya fi ɗaya. Rawar kan taso ne lokacin aiki: rubutu, zuba shayi, sa maɓallin riga, miƙa kuɗi. Hannun na kaɗawa sau 4 zuwa 12 a daƙiƙa guda. Wani har kansa na girgiza kamar mai cewa a'a, wani murya ke rawa. In an yi barci ta tsaya.

Gajiya da yunwa da ɓacin rai suna ƙara ta, haka idon jama'a. Shi ya sa mutum zai rubuta sunansa a gida lafiya lau, a banki kuwa sa hannu ya gagara. Kofi da shayi mai kauri na iya tsananta ta, kada kuma a manta goro, don sinadarin da ke cikin kofi yana cikinsa. Kusan rabin masu ciwon suna da wani a dangi mai irinsa. A hankali yake ƙaruwa, cikin shekaru.

Ba Fakinsan ba ne

Nan aka fi rikicewa. Cutar Fakinsan, wadda wani likitan Landan mai suna James Parkinson ya bayyana a 1817, takan fara da ɓari ɗaya. Hannun yana rawa ne yana ajiye, yatsu na murzawa kamar mai jan carbi, in an ɗauki abu ta lafa. Ga sanyin motsi, ga sandarewar jiki, ga jan ƙafa, rubutu kuma ya riƙa ƙanƙancewa. Dattijonmu har yanzu da ƙafa yake zuwa kasuwa, da saurinsa.

A gaban likita

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna wannan ciwo. Da tambaya da dubawa ake gane shi, a kowane babban asibiti, har da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

"Baba, yaushe ta fara? A gidanku akwai mai yi?"

"Ta kai shekara biyar, likita. Mahaifina ma haka ya tsufa."

"To, miƙe hannuwanka gaba. Taɓa hancinka da yatsa. Juye ruwan nan a wancan kofin."

Sannan a ba shi takarda ya zana layi mai zagayawa kamar saƙar faifai. Ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka fitar a 2018 ita ce: rawar ta kama hannu biyu lokacin aiki, ta kai shekara 3, kuma babu wata alamar ciwon jijiya tare da ita.

In an ɗebi jini, wani dalilin ake nema, musamman yawan aikin ƙullin wuya da ke haddasa maƙoƙo. Magunguna ma kan jawo rawar hannu, irin salbutamol na asma da valproate na farfaɗiya. Don haka ka tafi da duk abin da kake sha a leda, har na gargajiya, amma kada ka daina ko ɗaya sai likita ya ce.

Akwai magungunan da ke rage rawar, kamar propranolol. Kada ka saya da kanka a kemis, yana da haɗari ga mai asma. Rawar da ta faɗo farat ɗaya, tare da karkacewar baki ko mutuwar ɓarin jiki, wannan daban ce, a ruga asibiti nan take.

Aikin gida

Zana faifai da hannun dama, sannan da hagu, ka rubuta kwanan wata a ƙasa. A bayan takardar rubuta jimla biyu a kan bambancin wannan ciwo da Fakinsan.