Ga masu solar da aka haɗa da wutar JED (kamfanin rarraba wutar lantarki) a Gombe

'Yan uwa, wanda yake son sanin ko solarsa na nan da ƙarfinta bayan shekaru, ya samu littafi ya riƙa rubuta yunit ɗin da inbata (na'urar da ke mayar da wutar farantan solar irin ta gida) ta nuna a ƙarshen kowane wata. Amma kada a gwada Agusta da Maris, domin hadarin damina yana rage wuta, zafin bazara ma yana rage ƙarfin farantai. A gwada Maris ɗin bana da na bara.

Farantin kirki ƙarfinsa na raguwa da kusan rabin kashi 1 cikin 100 a shekara. In ka ga faɗuwar ta kai kashi 10, da matsala. Fara duba ƙurar hunturu, ka wanke farantan da sassafe kafin su ɗau zafi, sannan ka duba ko darbejiyar maƙwabci ta girma tana yi musu inuwa.

Abin da mutane suka fi mantawa, kuma yana damuna: inbatar da ba ta da batir takan tsaya da zarar an ɗauke wuta, ko da rana na tsaka. Hakan ma yana rage yunit, don haka ka rubuta awannin da babu wuta kafin ka kira mai gyara.