Yadda Ake Karanta Labarin Wanda Ya Fita Zakka

Shekarata goma sha biyu lokacin da na fara satar karanta littattafan kawuna a zauren gidansa da ke Tudun Wadan Zariya. Yana ajiye su a cikin wani akwatin ƙarfe, ƙarƙashin buzun salla. Yau na haura sittin, na yi ritaya daga koyarwa, gilashin idona ya yi kauri, amma har yanzu ba na kwana ban buɗe littafi ba. A tsawon wannan lokaci na lura cewa labaran da suka fi zama a raina iri ɗaya ne: mutum guda ya tsaya a nan, dangi ko gari ko hukuma sun tsaya a can, an ce ya bi ya ce a'a. Ɗalibaina na dā kan tambaye ni ta ina za su fara, kuma yaya ake karanta irin waɗannan littattafai har su amfani mutum. Ga yadda ni nake yi.

Fara da na gida. Mutane da yawa suna zaton sai a littafin Turawa ake samun wannan rigima, alhali tun gasar rubutun da Hukumar Fassara ta shirya a 1933, wadda ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, akwai ta a cikin Jiki Magayi: saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi ya shigo, iyaye suka karkata, wanda aka ƙwace wa ya tafi neman ramuwa. Daga nan ka nemi na Balaraba Ramat Yakubu, musamman Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kwikwiyo Ne. A na biyun, miji ya kori Rabi da 'ya'ya tara, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su. Dalilin da ya sa nake cewa a fara a nan shi ne, ka san muryar waɗannan mutane. Idan gwaggo ta ce wa yarinya "ki yi haƙuri, haka kowa ya yi," ba sai an yi maka bayani ba, ka taɓa jin wannan magana a tsakar gidanku. Kunnen da ka wasa a nan, da shi za ka saurari mutanen wasu ƙasashe.

Sai ka tanadi fensir. Ba biro ba, fensir. A shafin farko ka rubuta ranar da ka fara da shekarunka, in ka gama ka rubuta layi ɗaya tak: wa ka goya wa baya? Wannan ɗabi'a ita ce ta fi komai yi mini amfani, don littafi ba ya canzawa amma mai karatu yana canzawa, kuma ba zai gane ba sai ya ga rubutun hannunsa na shekara ashirin baya. Kwafina na littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, yana ɗauke da layi uku. Ina ɗan sha tara na rubuta cewa Okonkwo, jarumin labarin, namiji ne, mutanen Umuofia matsorata ne. Ina da talatin da shida, lokacin ina da ɗa namiji da ya fara yi mini musu, na rubuta cewa tausayin ɗansa Nwoye nake ji, yaron da ya gudu daga uban da ba ya iya nuna ƙauna sai da duka. Layi na uku ban daɗe da rubuta shi ba, suna ɗaya ne kawai: Obierika, aminin Okonkwo.

Bari in tsaya a kan wannan mutum, don ta kansa zan nuna maka dabara ta gaba, wato ka daina zuba wa jarumin labari ido shi kaɗai, ka nemi wanda ke tsaye a gefensa. Da aka yanke cewa za a kashe Ikemefuna, wani yaro da aka ba Okonkwo riƙo, wani dattijo ya gargaɗi Okonkwo kada ya sa hannu, tunda yaron uba yake kiransa. Ya sa hannun, don tsoron kada a ce masa rago. Ka ga ke nan wanda nake ɗauka mai tsayawa da ƙafarsa, "me mutane za su ce" ne ke jansa da igiya a hanci. Obierika kuwa ƙin zuwa ya yi, bai yi shela ba, bai zagi kowa ba. Da aka kori Okonkwo daga gari na shekara bakwai saboda wani kisan kuskure daban, Obierika yana cikin waɗanda suka rushe gidansa kamar yadda al'ada ta tanada, sannan ya zauna yana tambayar kansa ko wannan adalci ne, sannan ya sayar masa da doyarsa ya kai masa kuɗin har garin kawunnansa. A cikin jama'a yake, amma bai miƙa musu hankalinsa ba. Sai da furfura ta fito mini na gane cewa wannan ya fi wuya.

Abu na gaba, duk lokacin da littafi ya ce maka "gari" ko "jama'a," kada ka yarda da kalmar a dunƙule. Warware ta. Su wa da wa? Me kowannensu zai rasa? Ɗauki wasan kwaikwayon Henrik Ibsen ɗan ƙasar Norway, An Enemy of the People, na 1882. Likita Stockmann ya gano cewa ruwan wuraren wankan da garin ke cin abinci da su ya gurɓace, kuma dattin daga majema yake gangarowa. Duk wanda ya san warin unguwar majema ba sai an kwatanta masa ba. Da farko 'yan jarida suka ce suna bayansa. Da aka ji gyaran zai ci kuɗi mai yawa kuma a rufe wuraren kamar shekara biyu, sai kowa ya zame. Magajin garin yayan likitan ne. Mai majemar da ta fi ɓarna surukinsa ne. Masu gidajen haya suna tsoron baƙi su daina zuwa. In ka jera su haka a bayan littafin da fensirinka, za ka ga ba wani dodo ba ne ake kira jama'a. Mutane ne masu bashi da 'ya'ya da tsoro, irin ni da kai. Likitan yana da gaskiya a kan ruwan, wannan ba musu. Amma ka saurari jawabinsa a taron gari da kyau, ka ga yadda gaskiyar ta hau masa kai har ya koma raina talakawa. Marubucin bai ɓoye wannan ba, masu karatu ne ke tsallake shi.

Sai tambayar da na fi so ka riƙe: wa ya biya kuɗin wannan tsayuwa? A wasan Ibsen, 'yar likitan ta rasa aikin koyarwa, an jefe tagogin gidan da duwatsu, mai gida ya ba su notis. Ni wannan tambaya ba a littafi na koye ta ba.

Ina shugaban wata makarantar firamare aka kawo mini takarda in sa hannu cewa an kawo benci ɗari biyu. Ko ƙusa ban gani ba. A lokacin ban daɗe da gama littafin Ayi Kwei Armah na Gana ba, The Beautyful Ones Are Not Yet Born, na 1968, labarin wani akawun jirgin ƙasa da ko suna ba a ba shi ba, wanda ya ƙi karɓar cin hanci daga wani ɗan kasuwar katako, matarsa Oyo tana yi masa gori, tsohon abokin karatunsa Koomson ya zama minista yana fantamawa. Na ture takardar ina jin kaina shi ne wannan akawu. Ba a yi wata biyu ba aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye da mota ba ta shiga da damina. Na tafi ina alfahari. Uwargidana ce ta zauna da yara huɗu a gidan haya, ta fara suyar ƙosai a ƙofar gida, ita ke zuwa asibiti da dare in zazzaɓi ya tashi. Shekara uku. Da na sake karanta littafin daga baya, sai na ji maganganun Oyo da wani kunne daban. Har gobe ba zan sa hannu a waccan takarda ba. Abin da nake jin kunyarsa shi ne ban zauna da ita na ce mata ga abin da zan yi, ga abin da zai biyo baya ba. Na yanke hukunci ni kaɗai, aka aiko mata da lissafi.

Saboda haka nake ba da shawarar a karanta kowane irin wannan littafi sau biyu. Karon farko ka saki jiki, ka bi jarumin, ka ji haushin waɗanda suka taru a kansa. Ka ajiye shi wata shida ko shekara. Karo na biyu ka shiga rigar mutanen gari, ka zama lauyansu, ka kare su iyakar ƙarfinka. Wani lokaci kariyar za ta rushe a hannunka, ka tabbatar zalunci ne tsagwaronsa. Wani lokaci kuma ta tsaya. Gwada da L'Étranger na Albert Camus, na 1942. Kotu ta fi damuwa da cewa Meursault, jarumin labarin, bai yi kuka a jana'izar mahaifiyarsa ba fiye da kisan da ya yi, kuma samari masu karatu sukan ce ga munafuncin al'umma nan. To, amma wanda aka harbe a bakin teku a Aljeriya fa? Balarabe ne, har littafin ya ƙare ba a faɗi sunansa ba. A karatu na biyu ne za ka tambayi ina uwarsa, wa ya yi masa wanka.

Kada ka bar littattafan mata a baya, ko da kai namiji ne, musamman ma in kai namiji ne. A nan ne za ka ga cewa fita zakka ba hanya ɗaya gare ta ba. Mariama Bâ ta Senegal ta fitar da Une si longue lettre a 1979, akwai shi da Turanci. Ramatoulaye ce ke rubuta wa aminiyarta Aissatou wasiƙa tana cikin takaba. Dukansu an yi musu kishiya. Aissatou ta tattara 'ya'yanta ta fita. Ramatoulaye, mai 'ya'ya goma sha biyu, wadda mijinta ya auri ƙawar 'yarsu, ta zauna. Amma da mijin ya rasu ɗan'uwansa ya zo neman aurenta kamar wani kayan gado, ta wanke shi tas. Wacce ce ta bijire a cikinsu? Na taɓa kai wannan tambaya majalisarmu ta bayan la'asar, aka yi ta musu har aka kira magariba, wani tsohon ma'aikacin reluwe ya yi fushi ya ɗauki butarsa. Washegari shi ya fara zuwa aron littafin.

Wannan ya kawo ni ga majalisa. Ka nemi ko mutum biyu ne da za ku riƙa karanta abu ɗaya. Abin dariya ne mutum ya karanta labarin rigima da jama'a shi kaɗai a ɗaki, ba mai ce masa ka yi kuskure. In a waya kuke da zaure, to, ya yi, amma ku sa doka: ba mai magana sai wanda ya kai shafin da aka yanka.

Sauran kuma hidimar yau da kullum ce, ba ta da wani sirri. Ni bayan sallar asuba nake karatu, kafin gida ya tashi, shafi goma ko sha biyar, wayata tana wani ɗaki. Shafi goma a rana ya fi shafi dubu uku a shekara, wato littafi goma sha biyar in matsakaita ne. Littafin da ya ƙi shiga bayan shafi hamsin, ka ajiye shi ba tare da jin laifi ba, wataƙila lokacinsa ne bai yi ba. Na George Orwell, 1984, sau biyu ina ajiye shi kafin ya kama ni, kuma fassarar wani littafin nasa da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi, Gandun Dabbobi, ita ta buɗe mini ƙofa. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi kusa da jami'o'i da tashoshin mota su ne abokanka. Ka saba da mutum ɗaya, ka riƙa biyansa ba ja-in-ja, zai fara ɓoye maka masu kyau. Ka duba shafukan ƙarshe kafin ka biya, na taɓa kai littafi gida na tarar babi biyu na ƙarshe babu.

Gara ita ce babbar abokiyar gaba. Kada katakon littattafanka ya jingina da bangon ƙasa, kada kwali ya taɓa daɓe. Da damina ka riƙa fito da su suna shan iska a inuwa, ba a rana ba, rana tana busar da gam shafuka su zube. Batun aro kuwa, ina da wani ƙaramin littafi da nake rubuta sunan mai aro da rana, kuma a gabansa nake rubutawa. Wasu suna jin haushi. Duk da haka akwai sunaye goma sha ɗaya da ban soke ba, uku daga cikinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, na yafe.

Akwatin ƙarfen kawuna yana wurina yanzu. Jikata mai shekara goma sha uku ta gano inda nake ajiye makullin, ina sane, ban ce komai ba. Makon jiya na buɗe Wa Zai Auri Jahila? na tarar da rubutun fensir a shafin farko, ƙarƙashin nawa, da kwanan wata da shekarunta. Layin wanda ta goya wa baya ta bar shi fili, da alama ba ta gama ba tukuna.