Daga Kano zuwa Guangzhou: lissafin awoyi kafin lissafin kaya

Tsakanin Kano da birnin Guangzhou na ƙasar Sin akwai kusan kilomita 11,000, kuma babu jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye. Yawancin 'yan kasuwarmu ta Addis Ababa suke bi: wajen awa 5 daga Kano, sannan awa 10 da ɗoriya zuwa filin jirgin Baiyun na Guangzhou. Idan ka haɗa da zaman jira, tafiyar ta kai awa 20. Agogon Sin ya riga na gida da awa 7, don haka yau za ka tashi, gobe ka sauka. Lokacin da ke kan tikiti na garin da aka ambata ne, kada ka lissafa shi da agogon Kano. Katin rigakafin shawara ya zauna cikin fasfo, ba cikin akwati ba. WhatsApp ba ya aiki a can, ka buɗe WeChat, manhajar saƙon da suke amfani da ita, tun kana gida.

Wannan duk mai sauƙi ne. Inda sababbin zuwa ke faɗawa rami shi ne bayan sauka.

Doka ta ba baƙo awa 24 ya yi rajistar masaukinsa. Idan otal ka sauka, su za su yi maka, amma ka tambaya kafin ka biya, domin ba kowane otal ke karɓar baƙi 'yan ƙasar waje ba. Idan kuwa ɗakin ɗan'uwa ka sauka a unguwar Xiaobei ko ka kama haya, kai za ka je ofishin 'yan sandan unguwa da fasfonka, takardar haya, da kwafin katin shaidar mai gida. Mai gidan da ya fara kwana-kwana kan ba da katinsa, bar masa gidansa komai arharsa. Ba tare da takardar rajistar nan ba, ƙarin biza zai gagare ka. Sai ka ga mutum ya sauka a gajiye, ya sheƙi barcin kwana guda, ya wuce kasuwa, wai ai Alhaji wane ya san gari. Alhaji wane ba zai biya maka tara ba.

Sannan ka karanta bizarka da kyau. Akwai ranar da dole ka shiga ƙasar kafinta, akwai kuma adadin kwanakin zama, abu biyu ne daban. Wanda ya zarce, tarar yuan (kuɗin Sin) 500 ce kowace rana har zuwa 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Neman ƙari ana yin sa ne kwana 7 kafin wa'adi ya cika.

Jama'armu a garin nan sun gina suna da amana, har masu masana'antu na ba su kaya bashi. Kowane mai zarce wa'adi wannan sunan yake taɓawa. Kafin ka taka kasuwa, ka rubuta ranar fitarka a takarda, ka tabbata tikitin komawarka ya riga ta da kwana biyu aƙalla.